Mun kai iyali kallon birni: Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa

 

Ni manomi ne. Ƙauyenmu yana arewa da Mayahi. Ina so in ba ku labarin wata tafiya da munka yi, ni da iyalina, cikin watan Disamba na 2024. Kwana biyar munka yi. Ba biki munka je ba. Ba ta'aziyya ba ce, ba kuma asibiti ba. Kallo kawai munka je. Ranar da na faɗi haka a dandali, mutane sunka yi ta dariya. Wani dattijo ya ce: "Kallo? Ashe hatsinka ya yi yawa bana."

Ga mafarin abin. Mushen lakkwal ɗinmu yana da ƙane da ke aiki a Faransa. Can ma, in sanyi ya shigo, ana ba yara hutu. Sai mutum ya ɗebi matarshi da ɗiyanshi, su shiga jirgin ƙasa, su bi birni birni suna kallo. Ƙanen mushe ya yi haka, ya aiko da hotuna ta salula. Ga su a Paris, gindin wata hasumiyar ƙarfe da anka gama a 1889, mai tsawon sama da mita 300. Ga su a Burusel, babban birnin Beljik, sun duƙunƙune cikin manyan riguna kamar kaza bisa ƙwai. Ga su a Roma, gaban wani kango da ya kusa shekara 2000. Mushe ya nuna ma yara hotunan. Ɗiyata mai shekara 11 ta dawo gida ta ce: "Baba, mu ina ne birninmu?" Na ce Maraɗi. Ta ce: "Ka taɓa kai mu?" Na yi shiru.

Ni na sha zuwa Maraɗi. Amma kullum daga tasha sai kasuwa, daga kasuwa sai tasha. Ni ma ban san garin ba.

Akwai dalili na biyu. Innata a tsohon garin Maraɗi anka haife ta. Tana ƴar yarinya ruwa ya ci garin. Daga baya anka yi mata aure arewa, ba ta sake taka wurin ba. Ta sha ce mini tana son ta gan shi tun idonta na gani.

Dalili na uku shi ya fi damuna. Ɗana babba ya kai shekara 19. Ɗan fari ne, kun san ba ni kiran sunanshi. Ya ce da an gama ɗaurin dami zai tafi arewa ginar zinariya. Tun 2014, da anka ga zinariya a Jado, samarinmu ba su zama gida da rani. Waɗansu sun dawo da babur. Waɗansu sun dawo da tari. Biyu ba su dawo ba. Na ce mashi ya bari mu je mu dawo tukuna. Ya ce to. Bakinshi ne ya ce to, fuskarshi ba ta ce ba.

Na sayar da bunsuru guda da tiya 30 na wake. Rumbu kam ban taɓa shi ba. Na bar ma ƙanena bisashe. Mu shida munka tashi: ni, uwargida, Inna, babban yaro, ɗiyar, da Auta mai shekara 6.

Ranar Lahadi da asuba munka hau amalanke har bakin hanya. Sanyi yana shiga ƙashi. Hazo ya rufe ko'ina, rana ta fito kamar faifai. Cikin mota Inna ba ta yi barci ba, gonaki take kallo. Ga gawo, ga kalgo, ga sabara cikin kowace gona. Ta ce shekarar El Buhari, 1984, da sunka bi wannan hanya neman abinci, daga nan kana hango mutum can nesa, babu itacen da zai kare shi. Gaskiya ta faɗa. A ƙasar Maraɗi anka fara sassaben zamani cikin waɗannan shekaru: manomi ya bar toho biyu ko uku bisa kututture, ya gyara su, su zama itace. Ga shi yau muna shan inuwarsu.

Da la'asar munka sauka gidan wani ɗan'uwana, tela, a unguwar Zariya.

Litinin: Auta ya ɓace

Litinin da Juma'a ne kasuwar Maraɗi ke cika. Kafin mu fita, mai masaukinmu ya yagi takarda, ya rubuta lambar salularshi, ya sa cikin aljihun Auta, ya kama da allura. Na ce mi ke nan? Ya ce: "Yaya, nan ba ƙauye ba ne. A ƙidayar 2012 ma mutanen garin ga sun fi dubu 267. Balle yau."

Munka shiga adaidaita biyu. Ɗiyata tana ƙirga benaye har ta gaji. Kasuwa kuwa sai wanda ya gani. Layin atamfa daban, layin roba daban, layin hatsi daban. Mafi yawan kayan daga Kano da Katsina suke shigowa, ta Jibiya da Ɗan Isa. Ga masu canji zaune da ƙullin naira da sefa. Uwargida ta tsaya gaban kwanonin samira, ta ƙi motsi. Ta tambayi kuɗi, ta ji, ta ja mayafi ta wuce.

Wani tsohon dillali ya ba mu wurin zama saboda Inna. Shi ya ba yara labarin gujiya. Ya ce gujiya ce ta gina Maraɗi. Da kaka ana tara buhuna kamar tudu, manyan motoci suna kwasa zuwa Kano, daga can jirgin ƙasa ya kai bakin teku. Da kuɗin gujiya Alhazan Maraɗi na farko sunka tashi. Sai farin 1973 ya zo, ciwon gujiya ya biyo baya a 1975, abin ya faɗi. Alhazai sunka koma fataucin wasu kaya, manoma sunka koma wake da aya. Ya ce yanzu jirgin ƙasan ne ake son kawowa har gida: a 2021 anka fara aikin hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi. Ɗiyata ta ce in ya iso, ita ma za ta hau kamar ɗiyan ƙanen mushe.

Muna cikin wannan hira uwargida ta ce: "Ina Auta?"

Jama'a, Allah ya raba ku da wannan tambaya cikin kasuwar birni. Na bi gabas, babban yaro ya bi yamma. Ina kira, muryata ba ta wuce rumfa biyu. Kowane yaro na gani daga baya, Auta ne, sai ya juyo in ga ba shi ba ne. Na tuna dariyar dandali. Na ce a raina, da na zauna gida. Ban san tsawon lokacin ba. Ni dai na ga kamar wuni guda, amma sun ce bai kai awa ba.

Sai salular mai masaukinmu ta yi ƙara. Wani mai kilishi ne. Ya ga yaro tsaye yana kuka, ya ga takarda a aljihu, ya kira. Munka same shi zaune bisa benci da kilishi a hannu, ya ma daina kukan. Wai biri ya bi, wani mai wasa da biri ne ya wuce. Na ba mai kilishi goro, ya ƙi karɓa. Sai na sayi na jika guda, don in rage nauyi.

In za ku birni da ƙananan yara, ku yi takardar nan. Ku manya kuma kada ku manta katin ɗan ƙasa, ana tambaya bisa hanya.

Da maraice na ja babban yaro munka leƙa wajen bisashe. Ina son jar akuya ta Maraɗi. Ku makiyaya kun san ta: gashi ja, gajere, mai sheƙi. Tana yawan haifar tagwaye, tana da nono, fatarta kuma har ƙasashen Turai an san ta. Akwai gidan kiwonta na gwamnati a garin tun 1963. Na taya guda. Kuɗin bai kai ba. Na shafa bayanta na bar ta.

Talata: inda gidan su Inna yake

Da hantsi munka je ƙofar fada. Ga dogarai da manyan riguna ja da kore. Munka tuɓe takalma munka yi gaisuwa daga zaure. Ɗiyata ta tambaya: "Don mi ake cewa Sarkin Katsina, ga shi muna Maraɗi?" Wani bafade ya ji, ya yi murmushi, ya zaunar da ita. Ya ce a 1807, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, birnin Katsina ya faɗi. Sarakunan Haɓe sunka fito, sunka yi ta yawo har wajen Damagaram. Daga baya Ɗan Kasawa ya zo ya zauna nan bakin gulbi, wajen 1819. Sun bar birni, amma ba su bar suna ba. Shi ya sa har yau akwai Ƙaura da Durɓi da Galadima da Ƴandaka a Maraɗi, kamar yadda suke a Katsina. Ya kuma ambaci Ɗan Baskore, wanda ya sha kai yaƙi har ƙofar Katsina. Yau kuwa hanya guda ce, mota tana zuwa ta dawo a wuni.

Daga nan munka gangara fadama. Nan ne zancen Inna.

Maraɗi ta farko cikin kwarin gulbi take, cikin itatuwa. A 1945 gulbi ya cika ya kwanta bisa garin. Gidajen ƙasa sunka narke. Turawan mulki sunka maida mutane bisa tudu, anka yanka tituna miƙaƙƙu. Shi ne garin da kuke gani yau.

Inna ba ta iya doguwar tafiya. Babban yaro ya goye ta inda yashi ya yi yawa. Tana bayanshi tana yi mashi tsiya irin ta kaka da jika: "Kai, mijin nan nawa ba ka da ƙarfi. Da wannan ƙashin za ka gina zinariya?" Shi ne karo na farko da na ga ya yi dariya tun da munka bar gida.

Munka iso cikin garake. Mangwaro, lemu, rogo, tumatir. Inna ta ce a sauke ta. Ta duba gabas, ta duba yamma. Ta ce akwai wata tsamiya ƙofar gidansu. Munka nemi tsamiya, munka samu uku. Ba ta san ko wace ce ba. Ta ce abin da ta riƙe shi ne dare, da kukan awaki, da babanta ya ɗora ta bisa wuya, ruwa yana kai mashi ƙirji. Ta ce uwarta ta fito da tukunya guda bisa kai, cikinta akwai irin hatsi. Tufafi sun tafi, kaji sun tafi, iri bai jiƙe ba.

Mai garkar ya bar aikinshi ya zo ya gaishe ta. Ya ce in suna gina rijiya sukan ci karo da katangar tukwane. Ya tono guda daga bakin kwali ya miƙa mata. Ta juya ta, ta juya ta, ta ƙulle a bakin zane. Ba ta yi kuka ba. Ta ce mu karanta fatiha ga waɗanda ke kwance nan. Munka karanta.

Mai garkar ya ce kada mu ɗauka zancen ruwa ya wuce. A ƙarshen watan Agusta na 2024 an yi ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci. Gidaje sun faɗi a cikin gari bisa tudun ma, an rasa rayuka. Da muna hawowa mun ga kangayen da idonmu. Wasu sun fara buga bulo, wasu suna cikin zana.

Da yamma mai masaukinmu ya zagaya da mu. Mun ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo daga bakin ƙofa, wadda anka buɗe a 2010. Ɗiyata ta ga ƴan mata da littattafai suna fitowa, ta bi su da ido har sunka ɓace. Mun ga filin kokawa mai sunan Kantu, ɗan Maraɗi da ya ɗauki takobi na farko a Tawa a 1975. Filin babu kowa. A wannan shekara Doso ce ta karɓi kokawar takobi, sai a rediyon mai shayi munka ji ta.

Laraba a Tsibiri

Tsibiri ba nisa, yamma maso arewa da Maraɗi. Kafin ka gama cin goro guda ka iso. Uwargida Bagobira ce, da zanenta shida da bakwai a kumatu. Da munka sauka ta canza tafiya. Ta ce yau ni ne baƙo.

Nan ma masu gudun yaƙi ne sunka kafa gari. Alƙalawa, birnin Bawa Jan Gwarzo, ta faɗi a 1808. Gobirawa ba su miƙa wuya ba. A 1836 anka gwabza a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda na Maraɗi sunka kwanta dama a fagen. Bayan haka Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri, kusa da abokan yaƙinshi Katsinawa. Kawun uwargida ne ya ba mu wannan labari, yana yi yana buga sanda a ƙasa kamar jiya anka yi. Ya gaya ma ɗiyata akwai sarautar mace babba a Gobir, ana ce mata Inna. Auta ya nuna kakarshi ya ce: "Mu ma ga tamu." Anka yi ta dariya.

Mun ga fada, mun zaga kasuwa, mun sha fura da nono har Auta ya kasa tashi. Uwargida ta shige cikin dangi, ban sake ganinta ba sai la'asar. Mushenmu Bazabarme ne, ya ce in gaida mashi bayinshi Gobirawa. Na isar da saƙo. Kawu ya ce in gaya mashi ubangijinshi ya amsa.

Sun so mu kwana. Da na ce za mu koma, sai kawu ya ce to mu tashi tun da rana. Tun 2019 mutane ke gudowa daga Zamfara da Sakkwato zuwa ƙasar Gidan Runji saboda ɓarayin daji. Ya ce kusa da iyaka ba a tafiyar dare yanzu. Munka bi maganarshi.

Alhamis: Jiratawa

Jiratawa tana kudu da Maraɗi, cikin ƙasar Madarunfa, ita ma ba nisa. Gulbin nan guda ne ya ratsa su duka. Daga Najeriya yake fitowa, ya bi ta Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri, ya sake komawa Najeriya. Da rani yashi ne. Amma ruwa yana nan kwance a ƙarƙashi, ba zurfi.

Da munka sauka daga mota, babban yaro ya tsaya cik. Disamba ce, ko'ina ya bushe, amma nan kore ne har iyakar gani. A farkon shekarun 1980 gwamnati ta gyara wannan fili, ya fi hekta 500, ma'aikatar ONAHA tana kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma. An gina rijiyoyin burtsatse. Injin lantarki yana jawo ruwa, ruwa ya bi magudanar siminti, kowa ya buɗe ma gonarshi ranar da layinshi ya zo. Ga alkama, ga masara, ga albasa, ga tattasai, ga ayaba. Abin da ya fi yawa shi ne zogale.

Mai masaukinmu yana da aboki a nan. Gonarshi ba ta kai rabin hekta ba. Na ce a raina, wannan ai gayauna ce. Ya ce kada in raina ta. Zogale ba a barin shi ya yi tsawo. Ana datse shi daidai gwiwa, ya yi toho, bayan mako biyu ko uku a sake yanka. Mata suna zuwa har gona su saya, su dafa, su yi kwaɗo da ƙuli. Wani a shanya a zuba buhu, ya tafi har Yamai. Ya ce shi bai san watan da ba ya taɓa kuɗi ba.

Ni manomi ne, na san ba a faɗin daɗi kaɗai. Na ce ya gaya mini wahalar. Ya ce akwai. Kowa yana biyan kuɗin ruwa, ko ka ci riba ko ba ka ci ba. In wuta ta ɗauke, inji ya tsaya, shuka ta yi yaushi kana kallo. Tsutsa tana cin ganye. Taki ya yi tsada. In kowa ya yanka rana guda, kasuwa ta faɗi. Gonakin kuma an raba ma ɗiya da jikoki har sun ƙanƙance, baƙo ba ya samun wuri.

Kada in ruɗe ku, ƴan'uwa. Ba kowane gari ne zai zama Jiratawa ba. Rijiyarmu ta ƙauye sai an haɗa igiya da jaki. Wanda ya ce zai shayar da hekta guda da wannan guga, bayanshi ne zai gaya mashi gaskiya.

Ina wannan lissafi, na waiwaya ban ga babban yaro ba. Gabana ya faɗi, na ce yau kuma wa ya bi biri? Sai na hango shi can cikin zogale. Ya naɗe wando, ya karɓi hauya hannun wani saurayi, yana buɗe ma ruwa hanya daga kwali zuwa kwali. Ya daɗe a can. Da ya fito, laka har gwiwa, bai zo wajena ba. Wajen mai gonar ya je, sunka yi magana ƙasa ƙasa.

Mai gonar ya zo ya ce mini: "Malam, azumi yana zuwa cikin watan Maris. Lokacin ne zogale ke kuɗi, ni kuwa ɗana ya tafi Libiya. Ina neman hannu. In ka yarda, yaron ga ya zauna wajena har ruwa ya sauka. Ci da kwana nawa ne, kuma ina biyan shi duk wata."

Na ce a ba ni dare guda.

Daren nan ban yi barci ba. In na bar shi, wa ya san ko kuɗin motar Agadas zai tara? In na hana shi, zai tafi ko da ban sani ba. Na tambayi uwarshi. Ta juya fuska, don ba ta maganar ɗan fari. Ta ce ma bango: "Jiratawa dai ana zuwa a dawo." Na tambayi Inna. Ta ce: "Bar shi inda ruwa yake."

Juma'a da safe munka raka shi tashar Jiratawa. Na ba shi bargona da jika biyu, abin da ya rage na bunsuru ke nan bayan na ware kuɗin mota. Na ce: "Ran da anka yi ruwan shuka, ina son in gan ka a gona." Ya ce: "To, Baba." Uwarshi ta tsaya nesa tana gyara ɗaurin kayan da ba su kwance ba. Inna ce ta kira shi. Ta kwance bakin zane, ta ba shi katangar tukunyar nan, ta ce ya riƙe mata, za ta karɓa da damina.

Mu biyar munka koma. Dattijon dandali ya tare ni, ya ce: "Kun tafi shida, kun dawo biyar. Birni ya ci guda?" Na ce yana Jiratawa. Ya ce Jiratawa ta arewa ko ta kudu? Ban amsa mashi ba.

Bayan mako uku direban motar kasuwa ya kawo mini ƙullin leda. Irin zogale ne, ya kai rabin tiya, da saƙo cewa a shuka bayan ɗaki inda ruwan wanka ke bi, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Ɗiyata da Auta sunka shuka rami 20. Guda 14 sun fito.